Kwamfutar Maƙwabciya a Kan Ƙanƙara

Kwamfutar ba tawa ba ce, gara in faɗi wannan tun farko. Ta mijin maƙwabciyarmu ce a Gyadi-Gyadi, wata malamar firamare 'yar Filato da duk layin muke kira Malama. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Mijin ma'aikacin gwamnati ne, ya rasu a farkon damina bayan 'yar gajeriyar jinya. Da shekara ta kusa zagayowa sai Malama ta aiko a kira ni, ta ɗauko laftof ɗin daga ƙasan akwati, a naɗe cikin zane.

"Ɗana, an ce kai ne ka san kwamfuta a layin nan," in ji ta. "Hotunan Baba da bidiyonsa duk suna ciki. Wayarsa ta ɓace tun ranar jana'iza, babu su a ko'ina sai nan. Saura mako uku mu yi addu'ar cika shekara a coci, yara za su zo daga makaranta, ina so su ga babansu yana magana. Ka kwashe mini su a cikin wannan."

Ta miƙo mini ƙaramin filash. Na ce ai aikin minti goma ne. Sanin kwamfutar da ake yabona da shi bai wuce saka wa matan unguwa manhaja a waya ba, amma ban taɓa gyara wa kowa wannan fahimtar ba.

A ranar na gwada, wannan kam Allah ya sani. Na jawo foldar gaba ɗaya zuwa filash, kwamfuta ta ce babu wuri. Na ce gobe zan ari babba wajen abokina. Da goben ta zo, abin da na aro wajen abokin nawa gem ɗin ƙwallo ne da hannu biyu na bugawa. Shekarata ashirin da bakwai a lokacin, na gama bautar ƙasa, ba aiki, kuma ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da laftof ba.

Gem ya hau, amma wahala ce kawai. Akwai wata 'yar lamba a kusurwar allo da ke nuna firem, wato yawan hotunan da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. In lambar ta kai talatin, wasa ya yi santsi. Tamu tana farawa daga ashirin da biyar, bayan minti goma ta gangaro sha huɗu, ta koma tara. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa a tsakiyar fili, ya tsaya, sai ka gan shi a bakin raga ba ka san ta inda ya bi ba. Abokina ya yi ta dariya. Ni kuwa raina ɓaci yake yi, don ba na son na'ura ta raina ni a gaban mutane.

Sai na duƙufa. Na rage girman hoton har fuskokin 'yan wasa suka shafe. Na kashe inuwa, na kashe 'yan kallo, na mayar da ciyawar fili kamar koren fenti. Na rufe duk wani abu da ke aiki a bayan fage, na canza tsarin wuta zuwa mafi ƙarfi, ba na kunnawa sai caja na jiki. Na kwashe yini guda ina sabunta manhajar katin hoto, wato abin da ke zana hoto a allo. Kowace dabara takan ƙara firem biyu ko uku, in yi murna, bayan minti goma lambar ta sake gangarowa. Ƙarshen bazara ne, irin zafin nan mai danshi da hadari ke haɗuwa da la'asar ya watse ba ɗigo. Gefen hagu na kwamfutar yakan yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, fankar ciki tana ta kuka.

A mako na biyu wani sabon sauti ya shigo. Ƙas. Shiru. Ƙas. Ba daga fanka yake fitowa ba, daga ƙarƙashin inda nake aje tafin hannuna ne. Duk sanda ya yi, komai a allon sai ya daskare na ɗan lokaci. Na ƙara sautin gem ɗin don kada in riƙa ji.

Kullum da safe Malama takan wuce ta ƙofar gidanmu za ta makaranta, da jakar littattafai a kafaɗa.

"Ɗana, yaya aikin namu?"

"Ana kai, Malama. Kwamfutar tsohuwa ce, sai a hankali."

"Ubangiji ya taimake ka. Kada ka takura kanka."

In ta faɗi haka sai kunya ta kama ni, amma ba ta wuce lokacin da za a kawo wuta.

Ranar wata Talata na hau adaidaita-sahu na kai kwamfutar wajen wani mai gyara a Tarauni, dattijo mai magana a hankali, a wani ɗan shago cike da gawawwakin kwamfutoci. Na zayyana masa matsalar firem. Ya kunna, ya taɓa gefenta, sannan ya sunkuya ya kara kunnensa kamar likita. Ya daɗe a haka.

"Zafi ne ke sa ta rage gudu da kanta, don kada ta ƙone," ya ce. "Wannan mai sauƙi ne. Amma ƙarar nan ta faifan ajiya ce, yana kan hanyar mutuwa. Akwai abu mai muhimmanci a ciki?"

"Akwai 'yan hotuna."

"To ka bar ta nan, in kwashe maka su yau. Yau fa, samari, ba gobe ba. Kuma ka daina ɗora mata wannan wasan."

Yadda ya ce samari ne ya ɓata mini rai. Ga shi in na bar ta, labari zai iya komawa layinmu cewa masanin kwamfuta ya kai aikin minti goma Tarauni. Ga kuma abokina yana jirana da la'asar. Na ce masa zan kwashe da kaina, na naɗe ta na fito. Daga duk abin da dattijon nan ya faɗa, kalma ɗaya na ɗauko zuwa gida, wato zafi.

Innata tana sayar da zoɓo da kunun aya. Kullum ana kawo mata ƙanƙara manya-manya, ta naɗe su cikin buhu don kada su narke da wuri, ta riƙa fasawa tana zubawa a kula. A gidanmu haka ake maganin zafi, ko na ruwa ne ko na goshin mai zazzaɓi. Na ɗauki guda da buhunta, na aje a tire, na gitta katako biyu a kai, na ɗora kwamfutar.

Lambar ta hau talatin da biyu ta zauna. Aka yi rabin lokaci ba ta motsa ba. Abokina ya ce wallahi ni injiniya ne, kuma na yarda da shi. Inna ta leƙo ta ga abin da aka yi da ƙanƙararta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Wannan ba ta marigayi ba ce?"

"Ita ce, Inna. Sanyaya ta nake yi."

"Kayan amana ne fa." Ta koma kan kularta.

Kashegari na zare katakon, na ɗora kwamfutar kai tsaye a kan buhun. Lambar ta taɓa arba'in. Na mayar da inuwa, na mayar da 'yan kallo. In na ɗaga ta bayan wasa, ƙasanta yakan yi raɓa kamar kwalbar zoɓo da aka fito da ita daga kula, sai in goge da gefen rigata. Ƙarar nan kuwa ba ta daina ba, sai ma ta riƙa zuwa bibbiyu. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Kowace rana nakan ce daga wannan wasan sai kwashe hotuna, har na aro babban filash ɗin na aje shi a kan taga.

Ranar Asabar, saura kwana takwas addu'a, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta ɗauke cak. Muna cikin wasa ƙwallo ta tsaya a sama. Ƙas, ƙas, ƙas, ba tsayawa. Sai allon ya yi baƙi, wani ɗan wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso. Na ɗaga ta da sauri, ruwa ya ɗigo daga ramukan fanka ya sauka a kan gwiwata. Abokina ya aje hannun gem a hankali, ya ce ana jiransa a gida.

Dattijon Tarauni bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini danshi har cikin gidan faifan. Ya riƙe ta kwana uku, ya gwada faifan a na'urori daban-daban, ya aika da shi wajen wani da ya fi shi kayan aiki. Da na koma sai ya miƙo mini shi a cikin leda, ya ce ko juyawa ba ya yi.

Da la'asar na yi sallama gidan Malama. Tana zaune a baranda tana duba littattafan ɗalibai da jan biro. Na durƙusa na faɗa mata komai, da gem ɗin, da gargaɗin mai gyara, da ƙanƙarar. Ban rage ko ɗaya ba, don ƙarya ta riga ta ishe ni. Ta rufe biron ta aje. Ta daɗe tana kallon ledar da ke hannuna, ba ta karɓa ba.

"Akwai wani bidiyo na Kirsimeti," ta ce. "Yana yanka kaza yana tsokanar yara, yana dariya. Ni ban iya kallonsa ba tunda ya tafi, shi ya sa na ba ka. Mako biyu kwamfutar tana wurinka, ɗana, na san ka gani. Zauna ka faɗa mini abin da yake cewa, ko kaɗan ne, in gaya wa yara."

Ta jawo mini kujera kusa da ita, ta gyara zama tana jira.

"Malama," na ce, "ban taɓa buɗe foldar ba."