Kawu Dakata da Haƙoran Mataji

Duk wanda ya taɓa zaman kallo a falon Kawu Sule a Angwan Iya ya san kalmar nan: "Dakata!" Ana tsakiyar fim, ɓarawo ya kama katanga zai haura, sai Kawu ya danna madanni, ɓarawo ya tsaya cak a sama. Ya matso da hancinsa har ya kusa taɓa gilashin kwamfuta.

"Kun gani? Ku dubi ƙafarsa! Haƙoran mataji!"

Mu dai ƙafa muke gani. Shi kuwa, tsohon mai gyaran na'urori a gidan talabijin, wasu siraran layuka yake hangowa a gefen duk abin da ya motsa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, na sha laccar har na haddace. Sai ya sarƙe yatsunsa ya ce, "Talabijin ta dā rabi-rabi take zana hoto, ta yi layi ta tsallake layi, sannan ta dawo ta cike. Kwamfuta kuwa zubo su take yi tare. To in mutum ya motsa tsakanin rabin farko da na biyu fa? Ya tsage! Aikin katin hoto ne ya ɗinke shi."

Katin hoton nan wani ɗan faranti ne mai fanka a cikin kwamfuta, kuma duk masifar a kan kaset ɗaya ce. Matarsa, Inna Asabe, ta rasu ta bar bidiyo guda tal, tana rawa a wani biki. Da aka juye shi cikin kwamfuta, duk juyin da ta yi sai fuskarta ta tsattsage. Kawu ya kashe, ya rantse: "Ba zan nuna muku Asabe a tsage ba." Tun daga ranar ya hana kowa gani, har 'ya'yanta.

Kai, mun ga abu! Surukansa suka zo daga Garaku kallon bidiyon bikin ɗansa Nura. A cikin bidiyon uban amarya ya miƙa hannu cikin kwanon nama ke nan, sai "Dakata!"

"Alhaji, dubi hannunka! Biyu ne nan!"

Bawan Allah ya zabura. "Wallahi tsoka ɗaya na ɗauka, Malam Sule!"

Akwai wani mai shagon kwamfuta a Sabon Gari da Kawu ya addaba. Ya je tun hantsi ya sa a gwada masa kati bayan kati.

"Baba, dis one na for game o," in ji mai shago da broka, wai katin na wasannin kwamfuta ne.

"Sa shi dai." Ya ƙura ido. "A'a. Wannan ba ɗinki yake ba, shafe hoton yake yi kamar an goga man shanu. Cire."

Daga baya mai shagon nan ko inuwar Kawu ya hango cikin keke, sai ya ja ƙofa ya ce ya tafi cin abinci.

Da Kawu ya samu katin da ya yi masa, mu muka shiga uku. Fanka ɗaya ce a falon, ya juya ta ga kwamfuta don kada katin ya yi zafi, baƙi na jiƙewa da gumi. Na yi ƙorafi, ya harare ni.

"Ke in kin ji zafi ki sha ruwa. Shi fa?"

Nura ya kawo masa ƙatuwar talabijin daga Abuja. "Baba, wannan da kanta take gyara layukan."

"Da kanta? Wa ya aike ta?" Ya tura ta ƙarƙashin gado, ya zuba albasa a kwalinta.

Shekaru suka tafi yana ta taɓe-taɓe. Kullum saura kaɗan. Ran nan haushi ya ci ni, na ce, "Kawu, so kake mu mutu ba mu ƙara ganin Inna ba? Mu ko a tsagen muna so!" Na yi da-na-sanin faɗa, don lokacin ciwo ya fara cin ƙarfinsa.

Wata Asabar bayan la'asar ya aiko a tara mu. Ya zauna a kujerarsa, ya rame, yatsa na kan madanni. Sai ga Inna Asabe da zanenta kore, tana rawa sumul, kamar ka kira ta ta amsa. Can ta juyo da sauri tana dariya, sai ga haƙoran mataji ɓaro-ɓaro a gefen ɗankwalinta. Har ni na gani! Duk muka waiwaya, muna jiran kalmar.

Kawu ya janye hannunsa a hankali, ya ɗora a gwiwa.

"Ku bar ta ta gama rawarta," ya ce.

Shi ne kallo ɗaya da na san ya kai ƙarshe bai tsayar ba. Bai yi wata biyu bayan nan ba ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya sada shi da Asabensa a Aljanna, inda zai gan ta sarai babu layi ko ɗaya. Amin.