Fedar Suhaibu da Keken Malam Abdulbaƙi

Kakana Malam Abdulbaƙi tela ne a Sandamu. Shekara uku ke nan idonsa ya daina ganin kafar allura, amma kul ka ce masa tsohon tela. Keken ɗinkinsa na ƙafa yana nan a zaure, lulluɓe da zanen gado, kullum da hantsi sai ya yaye ya ɗiga masa mai. Ni Murjanatu da nake share zauren nan, ko kofin ruwa ban isa in ɗora a teburin keken ba.

"Amarya, ki taɓa ni, kada ki taɓa shi," haka yake ce min.

Na ce, "Tsoho, wa zai taɓa ka ya kwashi tsufa?"

Mutumin nan ba ya iya ganin abu yana lilo. Ka zo gaishe shi maɓallin rigarka na reto, ba zai amsa ba sai ka tuɓe ya laluba ya ɗaure. Har limamin unguwarmu ya taɓa zama da singileti a zaurenmu.

To, yayana Suhaibu jita yake kaɗawa, abin da Kaka ke kira garayar marasa aikin yi. Shekara huɗu yana koyo kafin Mainasara, mai ƙungiyar kiɗan biki a Daura, ya ɗauke shi. Yana da wata feda ta ƙarfe da yake takawa gaba da baya, jitar ta riƙa cewa wa-wa kamar jariri. A wani biki a garin Babban Mutum, ana tsakiyar rawa, fedar ta sulale a kan siminti ta shige ƙarƙashin kujerar amarya, waya ta fizge, kiɗa ya mutu. Mainasara ya ce ran Asabar akwai biki a Dutsi, in ta sake gudu, Suhaibu ya bi ta.

Suhaibu ya samo falle na katako, ya zauna a zaure yana fama. Ya sa abin mannewa irin na takalmin yara, bai kama ba, don ƙafafun roba huɗu da ke ƙarƙashin fedar sun ɗage cikinta daga katakon. Ya naɗe ta da salatif, ta kwance. Ya ɗaure ta da robar tayar keke ta sama, ta tsaya cak, amma ta daina takuwa. Duk wannan Kaka yana gefe yana jan carbi, wai ba ya gani. Ni kuwa na ga carbin yana ƙara sauri.

"Kai, shashasha, miƙo nan!"

Ya shafa ta ciki da bai, ya ajiye, ya ɗora ƙafa. Dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu.

"Au! Ashe keke ne," in ji shi. "Abin da ake takawa ta ƙasa ake kama shi, ba a shaƙe masa wuya."

Ya sa aka ɗauko tsohuwar sarƙar keken hawansa, Suhaibu ya ɓalle 'ya'yanta huɗu, kowanne da huda biyu. Da lalube Kaka ya kwance ƙafafun robar, ya mayar da kowane sukuru ta huda ɗaya, ɗaya hudar ta leƙo waje don a ɗaure ta a katako. Dabara ta yi. Amma da Suhaibu ya taka da ƙarfi, sai fallen ya lanƙwashe, sukuru biyu suka tumɓuke.

Suhaibu ya zauna daɓas. "Shi ke nan, Kaka. A bar shi."

Kaka ya ajiye carbinsa. Ya tashi ya yaye zanen gadon. Teburin keken yana da wani marfi mai kauri da ake buɗewa a shimfiɗa yadi, ya yi santsi saboda shekara arba'in na gogar hannu. Ya kafa sukundireba a maƙalarsa.

"Wallahi ba za a yi haka ba!" in ji Suhaibu.

"Rufe min baki. Ni nake da shi ko kai? Gara a taka shi da ya zauna yana jiran makaho."

Ban taɓa jin ya faɗi kalmar nan a kan kansa ba. Na fita tsakar gida na yi kukana, don na san shi kansa ya san ba zai ƙara ɗinki ba.

A kan marfin nan aka ɗaure fedar. Ran Asabar a Dutsi Suhaibu ya taka ta kamar mai bin ta da fushi, ko gezau. Mainasara har ya tsuguna yana leƙen ɗaurin. Da muka dawo na kunna wa Kaka kiɗan a waya, ya saurara, ya taɓe baki.

"Hayaniya ce kawai."

Washegari da hantsi ya yaye zanen, wanda yanzu gefe ɗaya yake zubowa har ƙasa, ya ɗiga wa kekensa mai. Bai rufe kwalbar ba.

"Amarya, je ki ce wa shashashan nan ya kawo ɗayan keken, wannan nasa."