Ruwa a Kafaɗa, Suruki a Gaba

Shekara shida na yi a unguwar Nakkasa ta Makka, inda gidanmu yake maƙale jikin tudu. Kullum sai na sauka titin Mansur da tiren tsire a ka, na hau da shi wayam, don haka na ɗauka ni da dutse mun san juna. Ashe tudu kawai na sani.

Surukina ne ya fahimtar da ni. Ya zo hajji ta jirgin sama daga Kano, a shekarun da aikin hajji ke faɗowa tsakiyar zafi. Ban taɓa ganinsa ba, don a Sudan aka ɗaura mana aure muna kan hanya, kawun matata ya yi walicci. Saƙo ya riga shi isowa: an gaya masa mazauna Makka sun zubar da kunya, har kwano ɗaya suke ci da surukansu, kuma in ya tarar haka ne zai koma gida da 'yarsa. Na tsorata ƙwarai. Ina son matata, kuma na san in ubanta ya ce ta tashi, tashi za ta yi.

Na ce to, kunya yake nema, zai ga kunya. Duk kwanakin da ya yi a gidanmu ko gyaɗa bai ga na kai baki ba.

Da aka gama hajji ya ce yana son hawa Dutsen Saur ya ga kogon nan na hijira. Muka fita bayan asuba, na rataya zamzamiyya, wato jakar ruwan nan ta tamfol da ke sanyaya ruwa. Surukin nawa tsohon manomi ne, siriri, ba ya magana a tafiya. Hanyar ba hanya ba ce, duwatsu ne baƙaƙe da ƙafafun mutane suka goge. Duk inda ka ce ga ƙololuwa, kana isa sai ka tarar da wata a bayanta tana jiranka. Kafin hantsi takalmina ya ɗau zafi, yawuna ya ƙafe.

Muka tsaya. Na durƙusa na miƙa masa ruwa, ya sha, ya miƙo mini.

Na ce, "Na ƙoshi, Baba."

Ya juya mini baya yana kallon Makka a can ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ni kuma na tsaya a bayansa cikin ladabi, ruwa a kafaɗa, ina mamakin abin da yake gani haka a cikin hayaƙin zafi.

Sau uku aka yi haka. A na ukun ma garin ba ya ganuwa, dutse ne tsirara a gabansa, amma ya ƙura masa ido kamar mai shirin saye.

Ban san yadda kogon yake ba a ranar. Abin da na sani, na ga ƙasa ta taso mini, sai na farka kaina a kan cinyar surukina, yana ɗura mini ruwa ina zuƙa har da ƙara, wasu alhazan Turkiyya na yi mini fifita da hula. Duk kunyar da na tara ta kwana ashirin ta zube a wurin.

Shi ya sauko da ni, hannuna a wuyansa.

A gindin dutsen akwai wani mai shayi da ya jera dogayen gadajen igiya ƙarƙashin rumfa. Ban taɓa sanin daɗin kwanciya ba sai ranar. Iska na shiga rigata, amma na gama sallamawa cewa matata ta tafi. Mai shayin ya leƙo ya ce, "Shahi, ya hajj?" Tsohon ya ɗaga yatsu biyu.

Da aka kawo, ya turo mini ƙaramin kofi ɗaya.

"Malam, sau uku ina ba ka ƙeya don ka sha ruwa. Dutse na zo gani, amma ba haka da yawa ba."

Na sunkuyar da kai.

"Sha. Ba zan ƙara juyawa ba, wuyana ya gaji."

Na sha, yana kallona.

Da muka isa gida matata na tsaye bakin ƙofa tana duban fuskokinmu. Ya cire takalmi, ya zauna, ya miƙe ƙafafu a tabarma, sannan ya dube ta.

"Ke, zauna da mijinki. In na tafi da ke, kafin jirgi ya sauka Kano ƙishirwa ta kashe shi, ga randa a gefensa."

Ta shige ɗaki da sauri. Ina jin ta daga ciki, ban iya rarrabe dariya take ko kuka ba, kuma a gaban ubanta ba ni da bakin tambaya.