Kawu Kunne da Firjin Ƙwai

A layinmu ba mai kiran kawuna da sunansa na yanka. Kawu Kunne ake ce masa, don tun yana saurayi yake gyaran rediyo, kuma kafin ya kwance akwati sai ya kara kunne ya ce, "Kwandensa ce." A buɗe, a tarar ita ce. Da jama'a suka koma sauraro a waya, ciniki ya ja baya, sai ya kamu da son wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai kai tafin hannu ba, wanda ake ba wa umarni ta kwamfuta ya kunna wannan ya kashe wancan.

Ranar da kazar da ke kwanci kan ƙwan talo-talon matarsa, Inna, ta tashi ta ƙi komawa, Kawu ya bugi ƙirji.

"Uwargida, kawo su nan! Mataccen firjin nan zai ƙyanƙyashe miki su. Fitila ta ɗumama, ɗan inji ya riƙa juya tire, ke kuwa ki miƙe ƙafa."

"Malam, in ƙwaina suka huce, kai za ka kwanta a kansu."

Aka jera ƙwai, aka kunna. Fitila ta kama, muka yi shewa. Injin na motsawa sai allon ya yi ɗif, fitila ta mutu. Ya farfaɗo, ya sake taɓa injin, ya sake sumewa. Haka ya yi ta yi, firji na hucewa. Inna ta kwashe ƙwanta ta naɗe a bargo da kwalbar ruwan ɗumi, ta zauna bakin ƙofa tana hararar sa.

Kawu ya gwada fitila ita kaɗai, lafiya lau. Inji shi kaɗai, kamar sabo. A haɗa su, sai rigima. Ya zargi kwamfuta, ya zargi mai sayar da allon, har ni da na riƙe masa waya sai da ya zarga.

Can sai ya miƙa hannu saman kantar kayan aikinsa ya sauko da 'yar rediyonsa, ya murɗa ta zuwa inda babu tasha, sai shuuu, ya ajiye ta kusa da cajar da ke ba allon wuta.

"Labarai za ka saurara, ƙwaina na mutuwa?" in ji Inna.

"Shiru, don Allah!"

A cikin shuuu ɗin akwai wani siririn fito na cajar. Injin na tashi, fiton ya shaƙe, ƙarrr, ya yi ƙasa. Kawu ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

"Kun ji? Kun ji ta? Yunwa ce! Allon nan yunwa yake ji!"

Ashe da yake ba ya iya jefar da komai, wata tsohuwar cajar waya mai igiya kamar zare ya ba allon, sannan ya sa injin ya riƙa ci daga jikin allon. Injin na yunƙurawa sai ya wawure wutar duka.

Nan take ya ba injin cajarsa daban. Aka kunna. Allo bai sume ba, amma injin ya kama karkarwa wuri ɗaya.

"To, yanzu kuma zazzaɓi ya kama shi," in ji Inna.

Kawu ya bi wayoyin da yatsa, ya fashe da dariya. "Na raba musu kwano ban gabatar da su ga juna ba! Baƙar wayar wannan dole ta haɗu da baƙar wancan." Ya ɗiga dalma, ya ƙara wata kwandensa da ya ciro daga gawar rediyo.

Tire ya karkata a hankali, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Inna ta mayar da ƙwanta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ita fa ba ta yarda ba tukuna.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, na tarar da shi durƙushe, kunne manne a jikin firji, yana yi mini alama in yi shiru. Sai ya kwarara kira:

"Uwargida! Bar wankin nan ki zo! Akwai masu ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki!"