Hoton da ya kusa maishe ni mayya

Shekarun baya, damina ta biyu bayan farin da ya cinye mana shanu, lokacin maigidana na dakon buhu a gidan simintin Malbaza, ƙanena ya gama koyon hoto ya buɗe ɗan shagonsa a Ƙonni.

Wata rana ya kawo mini ziyara ƙauye. Bayan isha'i ya ari turmina, ya kife shi tsakar gida, ya aza akwatin hotonsa bisa. Ya kunna wata doguwar tocila, ya miƙa haskenta sama ta kan rumbun maƙwabcinmu, ya tsaya ƙiƙam. Na ce, "Kai, duhu kake ɗauka?" Ya ce, "Yaya, ke dai za ki gani."

Wasu sunka riga ni gani. Ashe da ya koma, tsohon hotona na ranar wani suna ya aza kan na daren, ya wanke su a takarda guda, ya liƙa a gilashin shago don jan masu wucewa. Ina da kyau a lokacin, wannan ba sai an tambaya ba.

Mutanen ƙauyenmu sunka je kasuwa sunka gan ni: tsaye cikin haske bisa rumbun mutane, farin mayafi, babu ƙafafu, taurari na leƙowa ta ƙirjina. A makon nan kuwa ɗiyar maƙwabcin tana kwance, jiki zafi, sai sambatu.

Na je rijiya, mata sunka janye gugansu. Da magariba uban yarinyar ya yi sallama, hoton a hannunsa, dattawa biyu a bayansa. Shi da ke ce mini Yaya, ran nan cewa ya yi, "Baiwar Allah, ba faɗa ya kawo mu ba. Ki zo ki tsallake yarinyar ga, ki sakar mata kurwa."

Haka ake yi wa mayya a wurinmu, ta ƙetare marar lafiya sai a ce ta saki. Amma wadda ta ƙetare ta amsa sunan ke nan, kuma maita a nono ake shanta. Ɗiyana mata uku, ba mai sake tambayar aurensu. In na ƙi kuma yarinya ta cika, ni na cinye ta.

Na karɓi hoton. Fuskata ce, amma ban san matar ba.

Na ce, "Ba ni tsallake kowa. Ku ba ni kwana uku."

Na aika anka taho da ƙanena. Ya fara bayani, dattawa sunka ce bakin ɗan'uwa ba shaida ba ne. Na ce to ya sake yi a gabansu. Da rana ya ɗauki hoton uban yarinyar tsaye da jakinsa. Da dare munka taru, ga turmi, ga tocila. Kowa ya ga babu komi cikin hasken sai ƙwari, wani tsoho har hannu ya zura ciki. Da safe ƙanena ya koma Ƙonni wankin hoto.

Kwana biyun nan ban runtsa ba. Darnin kara ne kawai tsakanina da ɗakin yarinyar. In ta yi nishi in ji sanyi, in ta yi shiru in tashi zaune.

Ran na uku hoto ya iso. Ga uban yarinyar can sama bisa rumbunsa, shi da jaki, duk babu ƙafafu. Na ce, "To malam, kai za ka fara tsallakawa ko jakin?" Ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya ɗaura amalanke ya kai ɗiyarsa likita. Allah ya tashe ta.

Shekara ashirin muna cin tuwon juna da mutanen nan, takarda guda ta shafe shi. Ban cika ganin laifinsu ba, don ni da anka gwada wa yadda ake haɗa shi, har yau a kife nake ajiye nawa a ƙasan akwati.

Maigidana, dattawan nan da uban yarinyar duk sun riga mu gidan gaskiya. Ƙanena na nan, ido ya tafi. Ɗiyana uku na ɗakunansu. Sai yarinyar, yanzu har da jikoki. Takan durƙusa ta gaishe ni, amma ko ruwa na miƙa mata, sai ta ce azumi take yi.