Jan Zaren da Ke Bakin Manaja

Duk wanda ya taɓa kai wa Gwaggo mai ɗinki kaya ya san halinta: ba ta iya ganin zare yana reto ta ƙyale shi. Kana tsaye kana gaishe ta, hannunta na kan kafaɗarka yana tsinke maka zare. Tun tana budurwa take kan keke, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Da keken nan ta aurar da 'ya'yanta, a kansa aka zo aka gaya mata rasuwar mijinta, allura na bakinta. Yanzu ido ya yi rauni, masu kawo ɗinki sun koma wa masu sababbin kekuna, ba abin da ya saura mata sai rage wando da canza zif. Sai kuma Manaja.

Manaja kyanwa ce, baƙa, mai farar ƙafa ɗaya. Aikinta ne ya jawo mata sunan: ta hau teburin yanka, ta miƙe a kan yadin mutane, tana kallon kowa sheƙeƙe. Da ita Gwaggo ke hira, da ita take faɗa. Ba wasa ba, Gwaggo na son kyanwar nan fiye da wasu danginta, kuma dangin sun sani.

Ranar da abin ya faru, Manaja ta ƙi abinci, tana ta kakarin amai. Gwaggo ta ɗaga ta, sai ga jan zare yana leƙowa ta gefen bakinta. To, me mai ɗinki za ta yi? Ta naɗe shi a yatsa ta ja. Ya biyo kaɗan, ya tsaya. Ta ƙara ja, yadda take yi wa keke in ya cije. Kyanwar ta ƙwalla wata ƙara da ba ta taɓa yi ba. Gwaggo ta datse zaren da almakashi, ta ce, "To, rakin ya isa haka, ai na cire miki."

Washegari Manaja ta shige ƙarƙashin keke ta ƙi fitowa. Da Gwaggo ta kai ta wurin likitan dabbobin bayan kasuwa, ya matsa cikinta, ya girgiza kai. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai babban asibitin dabbobi na can bakin gari, inda ake da injin hoton ciki da masu tiyata.

Ƙanen Gwaggo, direban tasi, shi ya kai su.

"Yaya, ni da ciwon bayan nan ko man shafawa ba ki taɓa ba ni ba, amma kyanwa har asibitin ƙwararru?"

"Ja mota, sarkin surutu," in ji ta. Da ya ji yadda muryar ta fito, sai ya ja motar.

Asibitin tsaf, sai warin magani da sanyin da ke ratsa ƙashi. Bencin masu karnuka daban, na masu kyanwoyi daban. Kowa da akwatinsa mai ƙofar waya, ita kuwa Gwaggo kwandon ƙyallayenta ta rungume, Manaja na ciki. Wani kare ya wuce da robar wuya kamar mazurari. Da a ce wata rana ce, da Gwaggo ta yi dariya.

Likitar tiyata mace ce, mai magana a hankali. Ta nuna mata hoton a allo.

"Mama, zaren ya sarƙe a ƙasan harshe, sauran ya bi hanji. Kin ga yadda hanjin ya tattare a kansa?"

Gwaggo ta gani. Ai ba ta buƙatar bayani, tattara take yi wa siket kullum: ka ja zare, yadi ya takure.

"An ja shi ne?" in ji likita.

"Ni na ja. Har da ƙari."

Aka shiga da Manaja. Gwaggo ta zauna da kwandon da ba komai a ciki, tsoro kamar ya kashe ta. Da likitar ta fito, hularta a hannu, sai ta zo ta zauna kusa da ita a bencin.

"Zaren ya yanka hanjin a wurare da yawa, cikin ya riga ya lalace. Duk inda na sa allura sai ya yage. Gara kada mu tashe ta daga barcin allurar nan, ta tafi a haka."

"Ki yanke wurin ki haɗa mana, 'yar nan. Haka muke yi."

"Babu wuri mai kyau da zan haɗa da shi, Mama."

Wannan ma Gwaggo ta san shi. Ta sha mayar wa mutane tsohon yadi ta ce ba zai ɗinku ba.

"Da ban ja ba fa?"

"Haba Yaya, kwananta ne ya ƙare," ƙanenta ya yi sauri ya ce.

Ko kallonsa ba ta yi ba, likitar take jira. Likitar ta sunkuyar da kai.

"Da wataƙila tare za ku koma."

Aka kai su ɗakin tiyatar. Manaja na kwance a kan tebur, an lulluɓe ta da koren ƙyalle, roba a bakinta, ƙirjinta na ɗagawa a hankali. Gwaggo ta matsa kusa da teburin. Ta miƙa hannu za ta shafa kan kyanwar, sai ta tsaya, ta mayar da hannun cikin mayafinta.

"Kai ka shafa ta," ta ce wa ƙanenta. "Kada ta tafi ba wanda ya taɓa ta."