Kwalabe Huɗu a Tagar Zaure

Mahaifina maɗinkin babbar riga ne, ɗinkin hannu, a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kibo. Yatsunsa su suka ciyar da mu, su suka kai mu makaranta mu huɗu. Yana iya ƙawata gaban riga yana hira da baƙi, ko kallon aikin ba ya yi. Yakan ce yatsa ya fi ido sanin inda allura take.

Da girma ya fara kama shi sai ya soma kukan gajiya. Gajiya ce kawai, ba wani ciwo ba. To mu 'ya'ya kowa ya fara ɗaukar albashi, kowa yana so a ga hannunsa. Babban yayanmu ya aiko da kwalbar bitamin daga Abuja. Mai bi masa ya dawo daga Umra da tasa. Yayata ta kawo ta ƙarin jini. Ni auta, malamar firamare, na ce wallahi ba zan zama 'yar kallo ba. Na shiga wani kemis na ce a ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Mai shagon ya miƙo mini na jijiya, ya ce ai bitamin abinci ne, ba ya yin yawa. Na yarda nan take, don abin da nake son ji ke nan.

Baba ba ya mayar da hannun kyauta baya, kuma bai taɓa yarda a ce ya fifita wani ɗa ba. Sai ya jera kwalaben huɗu a tagar zaure. Kullum bayan ya sha koko zai ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowacce, yana sa wa mai ita albarka. Mu kuwa har daɗi muke ji.

Bayan wasu watanni ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa. Muka ce sanyi ne. Wata Juma'a takalminsa ɗaya ya zame a hanyar masallaci, ya yi ta tafiya bai sani ba, sai da maƙwabci ya biyo shi da shi. Aka yi dariya, har da ni. Na ce lallai jijiya ce, kuma mai ciwon jijiya ai maganin jijiya ake ƙara masa. Na koma kemis na sayo wata kwalbar.

Wata Asabar da hantsi ina zaune kusa da shi yana aikin wata farar shadda. Na hango jan ɗigo a jikin rigar, sannan wani, sannan wani. Da na duba sosai sai na ga jini ne. Allurar ta ratsa fatar babban yatsansa, zaren ya bi ta ciki, shi kuwa yana ta ba ni labari.

"Baba, tsaya."

"Mene ne, auta?"

Ya bi idona da kallo har ya ga yatsan nasa ɗinke da riga. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

A asibiti aka auna sukari, lafiya lau. Likitar ta tambayi abin da yake sha, na ce ba komai, bitamin ne kawai. Ta ce in je in kwaso su duka. Ta riƙa juya bayan kwalaben tana karantawa, kowacce akwai bitamin B6 a ciki. Ta ce abin da jiki ke buƙata a rana bai wuce miligiram biyu ba, kuma wake da gyaɗa da kifi suna bayarwa. Tawa kwalbar, kowace ƙwaya miligiram ɗari ce. In aka daɗe ana shan irin wannan, jijiyoyin da aka saye shi don su, su yake kashewa. Ta ce a daina daga yau. Jin zai iya dawowa a hankali, zai iya kuma ƙin dawowa duka.

Sai ta girgiza sabuwar kwalbata, ta ji saura kaɗan.

"Yaushe aka sayi wannan?"

Na faɗa mata. Ta dubi Baba.

"Malam, sau nawa kake sha?"

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

"Na autar nan sau uku nake sha a rana," in ji shi. "Don Allah kada yayyenta su ji."

Na yi shekaru ina son jin wannan magana daga bakinsa. A ɗakin likita na ji ta, kuma da ma ban ji ba.

Farar shaddar tana nan a ninke, da ɗigon jininta. Kowace safiya kafin in wuce makaranta nakan biya ta zaure. Zan sa masa allura tsakanin yatsu biyu, ya rufe ido, ya murza.

"Ka ji ta, Baba?"

"Tukuna," yake cewa.